Abinci a Marina Bay Sands: A Sauka Ƙasa a Ci, Ko a Hau Jirgi Tasha Biyu?

Ba mai caca kaɗai ke zuwa Marina Bay Sands ba, wato katafaren otal mai gidan caca da shaguna da zauren taro a ƙasar Singafo. Wani taro ne ya kai shi, wani baje koli a zauren Sands Expo, wani kuma ya je ne kawai ya ga dogayen benayen nan uku masu hawa 55 da aka ɗora wa wani abu mai siffar jirgin ruwa a ka. Ko me ya kai mutum, da rana ta take ciki zai fara ƙugi, kuma a nan ne baƙo Musulmi yake tsayawa yana waige-waige. Gidajen abincin da ke sama na manyan masu girki ne irin su Gordon Ramsay da Wolfgang Puck, inda kuɗin faranti ɗaya zai ciyar da kai kwana biyu a cikin gari. Abin da ya rage wa mai matsakaicin aljihu shi ne zauren abinci na Rasapura Masters da ke hawa na biyu a ƙarƙashin ƙasa, cikin rukunin shagunan The Shoppes. Ko dai ya ci a nan, ko ya fita.

Kafin a zo maganar faranti, akwai abin da ke damun mutane da yawa a zuci: shin sai an ratsa ta wurin caca kafin a kai ga abincin? A'a. Tun da aka buɗe wurin a 2010, gidan cacar a killace yake da ƙofofinsa da masu gadinsa. Ɗan ƙasa ko mai takardar zaman dindindin sai ya biya dala 150 ta Singafo kafin ya shiga na yini guda, baƙo sai ya nuna fasfo, wanda bai kai shekara 21 ba kuwa ba ya shiga sam. Za ka iya fitowa daga tashar jirgin ƙasa ta Bayfront, ka ci abincinka, ka koma zauren taro ba tare da idonka ya ga teburin karta ba. Zauren abincin kuma kamfanin Koufu ne ke gudanar da shi, ɗan haya ne a ginin. Sai dai gaskiya ɗaya ce, hayar da yake biya aljihun masu gidan cacar take shiga, wato kamfanin Las Vegas Sands na Amurka. Wanda wannan ya tsaya wa a rai, ya riga ya sami amsarsa, sai ya tsallake zuwa inda zan yi maganar unguwar Bugis.

Rasapura wuri ne mai faɗi, tsaf-tsaf, rumfuna sun kewaye tebura. An tsara shi ne domin baƙo ya ɗanɗana abincin Singafo da na maƙwabtanta ba tare da ya yi gumi ba: shinkafa da kaza irin ta Hainan, taliyar laksa, soyayyar taliya, abincin Indiya, na Koriya, na Japan. Idan ka tsaya daga bakin ƙofa sai ka ce zaɓi ya yi maka yawa. Da ka fara zagayawa da idon Musulmi sai ka ga rumfunan suna raguwa ɗaya bayan ɗaya. Zauren gaba ɗayansa ba na halal ba ne. Bak kut teh farfesun haƙarƙarin alade ne. Char kway teow da Hokkien mee, waɗanda ƙamshinsu ke cika wuri, bisa al'ada da kitsen alade ake soya su, na farkon ma har da yankan tsiran alade a ciki. Ko abin da kake gani kamar ganye ne da kifi zalla, romon da aka dafa shi da shi yana iya zama na ƙashin alade, kuma girkin Sinawa da yawa ana ɗiga masa giyar girki.

Saboda haka abin dubawa ɗaya ne, takardar shaidar halal ta MUIS, wato majalisar harkokin addinin Musulunci ta Singafo. A kan manna ta a gaban rumfa, da sunan rumfar da ranar ƙarewarta, kuma rumfa-rumfa ake bayar da ita. Rumfar da ke kusa da mai takarda ba ta gaji komai daga maƙwabciyarta ba. Akwai kuma allon da za ka riƙa gani an rubuta cewa babu naman alade babu kitsensa. Wannan magana ce ta mai rumfa, ba shaidar kowa ba ce, kuma ba ta ce komai game da yanka ko giyar girki ba. Rumfuna a irin waɗannan zauruka suna sauya hannu, don haka kada ka dogara da abin da wani ya faɗa maka ya ci bara. Ka duba bango da idonka. Idan ka yi wannan tacewar, abin da zai rage maka a Rasapura 'yan rumfuna ne ƙalilan, galibi masu abincin Malay ko na Indiya.

To, yaya abincin yake? Ba shi da laifi, kuma ba shi da abin ba da labari. Shinkafar ta dahu, miyar da zafinta, wurin ba ya ƙyanƙyami. Abin da ya rasa shi ne hannu. Rumfar da ke ciyar da dubban baƙi waɗanda gobe ba za su dawo ba, ba ta da dalilin matsa wa kanta, yaji ma a kan sassauta shi domin ya shiga bakin kowa. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima: naman da ake ɗora maka a kan shinkafa za ka iya ƙirga shi tun kafin farantin ya iso hannunka. Cikin da ya saba da malmala biyu zai tashi yana neman ƙari.

Kuɗin kuwa, ka ƙiyasta kusan ninki biyu na abin da za ka biya a kasuwar abinci ta unguwa. Abincin da ake sayarwa dala 5 ko 6 a can, a nan zai kai 9 ko 10 ko fiye, idan ka haɗa da abin sha ka doshi 15. Dalar Singafo nake nufi, wadda ba ta kai ta Amurka ba, kusan kashi uku cikin huɗu take. Wurin da aka fi yi wa baƙo kwantan ɓauna shi ne nasi padang, inda ake zuba maka shinkafa kai kuma kana nuna abin da kake so a bayan gilashi. Kowane nuni kuɗi ne. Ganye da ƙwai da wake ba su da tsada, amma da ka nuna naman sa na rendang, ka ƙara kifi, ka ƙara jatan lande, sai lissafin ya haura 20 kana tsaye. Ka tambayi farashin kowane abu kafin cokali ya taɓa shi, ba abin kunya ba ne, 'yan gari ma haka suke yi. Abu ɗaya da zan yaba wa zauren: farashin da ke allo shi za ka biya. A gidajen abincin da ke sama, idan ka ga alamar tarawa guda biyu a gefen farashi, ana nufin za a ɗora kashi 10 cikin ɗari na hidima, sannan a ɗora harajin kashi 9 a kan jimlar.

Tsadar ba mugunta ba ce zalla. Kasuwannin abinci na unguwa, waɗanda yawansu ya haura 110, gwamnati ce ta gina su tun daga farkon shekarun 1970 domin ta kwashe masu talla daga bakin titi ta tara su inda akwai ruwa da magudana, kuma hukumar kula da muhalli ta NEA ce ke lura da su. Manufarsu tun asali ita ce talaka ya ci da araha. Har UNESCO ta sanya wannan al'ada cikin jerin abubuwan gadon duniya a watan Disamba na 2020. Mai rumfa a Rasapura kuwa yana zaune ne a gini ɗaya da shagunan kayan ƙawa masu tsada irin su Louis Vuitton da Chanel. Hayar wannan maƙwabtaka a cikin farantinka take fitowa.

Amma kada a raina abin da kuɗin ke saye. Singafo tana dab da tsakiyar duniya, zafinta mai ɗanko ne, ma'aunin yakan kai digiri 31 ko 32 da rana, ga iska jiƙe da ruwa. Wanda ya sa kwat ko babbar riga ya yi tafiyar minti goma a waje, sai ya koma zauren taro kamar an tsamo shi. Hadari kuma yakan haɗu da la'asar ba sallama. Daga Sands Expo zuwa Rasapura ba ka fita waje ko taku ɗaya, sanyin esi na bin ka har teburinka. Idan hutun da aka ba ka minti 45 ne, babu wata muhawara, ka sauka ƙasa ka ci. Haka mai iyali da ƙananan yara ko mai tafe da dattijo: akwai lif, akwai banɗaki mai tsafta kusa, ga filin wasan haske na teamLab a gefen zauren inda yara ke tattaka kifayen da ke yawo a ƙasa, kodayake shi ma da tikiti ake shiga. Matsalar ita ce wurin zama. Tsakanin sha biyu da biyu na rana, da kuma bayan an tashi daga wasan ruwa da haske na ƙarfe 8 na dare, sai ka yi ta zagaye da tire a hannu. Ka nemi kujera kafin ka sayi abinci. Idan ka ga fakitin tishu ko lema a kan tebur babu kowa, ba mantuwa aka yi ba, wani ne ya kama wuri ya tafi layi. Kai ma haka za ka yi.

Yanzu ga mai sa'a biyu a hannu. Tashar Bayfront a ƙarƙashin ginin take, kuma layin Downtown, mai launin shuɗi a taswira, ya ratsa kusan duk wuraren da zan ambata. Kuɗin jirgin bai kai dala 2 ba, kuma katin banki na Visa ko Mastercard mai taɓawa yana buɗe ƙofa, muddin bankinka ya yarda a yi amfani da shi a waje.

Wurin da kowa zai fara tura ka shi ne Lau Pa Sat, tasha ɗaya ko biyu, ka sauka a Downtown ko Telok Ayer. Tsohuwar kasuwa ce mai kusurwa takwas, ginin ƙarfe da aka ƙero a Glasgow aka haɗa a 1894, yau tana tsugune a tsakiyar benayen bankuna. Ginin ya cancanci kallo. Amma a san cewa ita ma kamfani ne ke riƙe da ita, kuma da yawa daga masu ci a cikinta baƙi ne, don haka farashinta yana tsakanin na Rasapura da na unguwa. Da rana ma'aikatan ofis sun cika ta, fanka ce ke kaɗawa ba esi ba, rumfunan halal kuma gauraye suke da waɗanda ba na halal ba, sai ka sake yin irin tacewar da ka yi a baya. A ganina, a bar sanyin Rasapura da tsakar rana a zo Lau Pa Sat domin rarar dala 3 ko 4, wahala ce ba riba.

Da dare labarin ya sauya. Wajen ƙarfe 7 ake rufe titin Boon Tat da ke gefen kasuwar, a jera tebura a kan kwalta, masu satay su hura gawayi. Satay ɗan'uwan tsire ne: nama a tsinke, wuta a ƙasa, gyaɗa a gefe. Bambancin shi ne nasu yankan ƙanana ne, an jiƙa shi da kurkur da sukari kafin gashi, gyaɗar kuma ba garin ƙuli ba ce, miya ce mai kauri mai zaƙi da ake tsomawa, tare da albasa da kokwamba da dunƙulen shinkafa. Bakin da ya saba da yaji zai ji zaƙin ya yi yawa a tsinken farko, zuwa na biyar ya daina ƙorafi. Kowane tsinke yana kusan dala guda, ba a cika sayar da ƙasa da goma ba, kuma gaskiya goma ba ta kai wa namiji ko'ina. Kafin mutum biyu su ƙoshi da kaza da rago da ɗan jatan lande, dala 40 ta tafi. Wato ba araha ka zo nema ba, daɗi ka zo ci. Yawancin masu gashin Musulmi ne 'yan Malay, amma teburan na kowa ne, kuma ana sayar da giya a wurin, maƙwabcinka na iya kasancewa da kwalba a gabansa. Wanda ba ya son haka ya sa a ƙunshe masa. Lokacin ma ya yi daidai, domin magariba a Singafo wajen ƙarfe 7 take faɗuwa duk shekara, ga masallacin Al-Abrar a titin Telok Ayer, tafiyar 'yan mintuna. Ka yi salla, ka fito wuta ta kama.

Akwai kuma Satay by the Bay a cikin lambun Gardens by the Bay, bayan otal ɗin, wanda ake zuwa da ƙafa. Idan dama za ka kallon bishiyoyin ƙarfen nan da ake kunna wa fitilu da ƙarfe 7:45 da 8:45, to ya yi. In ba haka ba, tafiyar ta fi abincin tsawo.

Inda ni zan tura duk wanda ya tambaye ni shi ne ɗaya ɓangaren, tasha biyu zuwa Bugis, sai 'yar tafiya zuwa unguwar Kampong Glam. A nan lissafin ya juye: maimakon ka nemi rumfar halal a cikin waɗanda ba na halal ba, yawancin abin da ke kewaye da masallacin Sultan na Musulmi ne. Masallacin ya samo asali tun 1824, kuma ƙubbarsa mai ruwan zinare ita za ta nuna maka hanya. Daura da shi a titin North Bridge akwai Zam Zam, gidan abincin Indiyawa Musulmi da ke aiki tun 1908. Abin da aka san su da shi murtabak ne: ƙullin fulawa da ake shimfiɗawa har ya yi shara-shara, a cusa masa niƙaƙƙen nama da ƙwai da albasa, a naɗe a soya a kan faffaɗan ƙarfe, a kawo da miyar kori. Akwai na kaza, na rago, na sa, har da na barewa. Girma-girma ne, matsakaicin ya ishi mutum biyu, kuma da kuɗin faranti ɗaya na Rasapura za ka tashi da ƙyar. Ba abincin mai gudun maiƙo ba ne, kuma wanda zai koma taro bayan ya ci shi ya shirya yaƙi da gyangyaɗi.

Idan kuma nasi padang ɗin ne ya burge ka, a unguwar nan gidansa yake. Hjh Maimunah a titin Jalan Pisang tana jera abinci iri-iri masu yawa, kuma jagoran Michelin, littafin da ke tantance gidajen abinci, ya sanya ta cikin wuraren da ke da kyau da sauƙin kuɗi. A nan ne za ka gane abin da na ce Rasapura ta rasa. Rendang ɗin ya daɗe a wuta har madarar kwakwar ta ƙone ta kama naman, ganyen rogo ya sha miya, sambal ɗin, wato miyar barkono, yana da cizo. Gargaɗi ɗaya ga bakinmu: sambal da yawa ana haɗa shi da belacan, wato ruɓaɓɓen jatan lande da aka daka, warinsa da ƙarfi, wani yana so wani ba ya iyawa. Ka ɗanɗana kaɗan tukuna. Dokar nuni tana nan a nan ma, kowane abu da kuɗinsa, sai dai abin da ka biya ka gan shi a farantin. Ka je da wuri, domin abubuwan da aka fi so sukan ƙare bayan cin rana. Titin Bussorah da ya miƙe daga ƙofar masallacin kuwa, mai gidajen abincin Turkiyya da Labanan da masu kiran baƙi a bakin ƙofa, wurin ɗaukar hoto ne, farashinsa bai fi na Marina Bay sauƙi ba.

Ranar Juma'a zaɓin ma ya yanke kansa. Azahar a can wajen ƙarfe ɗaya take, ka yi salla a masallacin Sultan, ka tsallaka titi ka ci. Sai dai kowa ma tunanin da ya yi ke nan, don haka layi zai yi tsawo.

Mai neman araha tsantsa ya ƙara tasha biyu gaba, ya sauka a Little India. Kasuwar Tekka tana bakin tashar. Wannan ita ce kasuwar abinci ta unguwa ta ainihi: hayaniya, zafi, ƙamshin kayan yaji, masu kifi da nama a ɓangare guda, masu dafaffen abinci a ɗayan. Rumfunan Indiyawa Musulmi suna da yawa, biryanin rago ko kaza da shinkafa tuli bai cika wuce dala 7 ko 8 ba, soyayyar gurasar roti prata da shayin madara kuma canjin aljihu ne. Kowa ya ci zomo ya ci gudu: zuwa da dawowa da layi za su ci maka sa'a ɗaya da rabi, rigarka kuma za ta dawo da labarin inda ka je. Wanda dama zai leƙa kantin Mustafa sayayya, hanyarsa ce. A irin waɗannan rumfuna wasu ba su da takardar MUIS amma masu su Musulmi ne kuma sun rubuta haka, wannan ya rage ga natsuwarka. Ka riƙe takardun kuɗi ƙanana, domin da yawansu ba sa karɓar katin waje.

Ta fuskar tsafta kada ka ɗauka tsadar Rasapura ta saya maka wani aminci na daban. Hukumar abinci ta ƙasar tana ba kowace rumfa lasisi tana kuma duba ta, ta cikin esi da ta cikin kasuwa. Ruwan famfo ma ana sha, gorar da ka cika a otal za ta rage maka dala 2 ko 3 a kowane zama.

Idan mutum uku ne ko huɗu, tazarar sai ta ƙara fitowa. Abin da za ku kashe a Rasapura kowa da ɗan farantinsa, a Kampong Glam zai biya kuɗin jirgi, ya cika tebur, a yi ragowa. Idan kai kaɗai ne kuma agogo na bin ka, rarar ba ta kai ta sa ka makara ba. Ni dai tsarina ga mai taron kwana biyu ko uku shi ne rana a ƙasa, daga rumfa mai takarda, abinci ɗaya mai farashi a rubuce ba na nuni ba, dare kuma a Bugis, a ware dare ɗaya domin satay.

Duk inda ka ci, idan ka gama ka kwashe tirenka da tishunka ka kai wurin ajiya. Doka ce tun 2021 a kasuwannin abinci, aka faɗaɗa ta zuwa zauruka irin Rasapura a farkon 2022: karon farko gargaɗi a rubuce, karo na biyu tarar dala 300. Wurin ajiyar kashi biyu ne, na halal daban, galibi da alamar kore, kuma kwanukan rumfunan halal can ake mayar da su.